YARO MAI AMOSANIN JINI: KU LURA DA ZUCIYARSA KAMAR YADDA KU KE LURA DA JIKINSA

Jama'a, wannan magana ta shafi kowane gida, ko akwai mai ciwon a ciki ko babu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure da kuma cikin gida, don mata su ji, gama su ne ke kwana da yara su tashi da su.

Da wuya a sami ƙauyen da babu yaron da aka sani da yawan kwanciya. Da hunturu ya kama, ko ruwan sama ya dake shi, sai ya shiga kukan hannu da ƙafa da baya, ya kwana bai runtsa ba. Idonsa ya kan yi rawaya, jikinsa kuma ba ya cika kamar na tsararsa. Wannan ciwo shi a ke kira amosanin jini, ko sikila. Iyaye su kan sayar da akuya, su sayar da hatsi, don neman maganin jikinsa. Madalla da wannan. Amma akwai wani ciwo na biyu da ke tafe tare da na farin, wanda ba a cika kula da shi ba, watau tsoro, da kunya, da kaɗaici, da baƙin cikin da ke cin yaron. Maganin wannan yana hannun mutanen gida, ba ya kuwa bukatar ko kwabo.

Mene ne amosanin jini?

A cikin jinin mutum akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi jajaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke ɗaukar iskar da mu ke shaƙa su kai ta ko'ina cikin jiki. A jikin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya, kowace kuma ta kan yi kwana 120 tana aiki. A jikin mai amosanin jini kuwa, su kan lanƙwashe su yi tauri, su koma kamar lauje. Sunan nan sikila ma daga sunan lauje da Turanci aka samo shi.

Kun san yadda kara da shara su ke toshe magudanar ruwa da damina. To, haka ƙwayoyin nan su ke cushewa cikin jijiya, jini ya kasa wucewa, sai wurin ya kama zogi. Ba su kuma daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa yaron kullum jininsa bai cika ba, ga saurin gajiya, ga ido rawaya kamar mai shawara. Sau da yawa ciwon ya kan fara nuna kansa bayan jariri ya kai kamar wata 6, da kumburin hannu da ƙafa.

Abubuwan da su ke tayar da shi su ne sanyi, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da aikin da ya fi ƙarfi. Ku ƙara da ɓacin rai da fargaba, gama likitoci sun lura su ma suna taimakawa wajen tayar da ciwon. Kun ga ashe kwanciyar hankalin yaro tana cikin maganinsa.

Ba laifin uwa ba ne

Amosanin jini gado ne, ba ya kuwa kama yaro sai ya gado shi ta wajen uwa da ta wajen uba gaba ɗaya. Likitoci sun tabbatar da haka tun 1949. Wanda bai gaji kome ba, jininsa a ke kira AA. Wanda ya gada ta gefe ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau, ba ya ma sanin yana ɗauke da irin sai an gwada jininsa. Wanda ya gada ta gefe biyu shi ne SS, shi ne mai ciwon. In miji AS ne, mata ma AS ce, kowane ciki da ta ɗauka akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin 4 a haifi mai ciwon. Kowane ciki da nasa rabon. A kan sami gidan da 'ya'ya uku a jere su ka zo da shi, a sami wanda ko ɗaya bai zo da shi ba.

Kusan mutum ɗaya cikin kowane 4 a Nijeriya AS ne, an kuma ƙiyasta jarirai wajen 150,000 a ke haifa da ciwon kowace shekara a ƙasar nan, fiye da kowace ƙasa a duniya. Abin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu an gano shi a 1954: yaro mai AS ya fi sauran yara jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka masu irin su ka rayu su ka hayayyafa.

Saboda haka maigida, kada ka ce matarka ce ta kawo ciwo gidanka. Ko da 'ya'yan abokiyar zamanta lafiyarsu lau, rabin gadon daga jininka ya fito. Uwar miji da dangin miji su ma su ji wannan. Ciwon nan ba maita ba ne, ba sammu ba ne, ba iskoki ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci ƙwarya ɗaya ko kwana tabarma ɗaya. Waɗansu daga cikin matan da a ke cewa suna wabi, har a riƙa sa wa 'ya'yansu suna irin su Ajuji da Ayashe, amosanin jini ne ke kashe musu 'ya'ya ba a sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yaron da ya ga ana zagin uwarsa saboda shi, ko aka sake ta saboda shi, zai ɗauka shi ne ya raba gidan. Wannan kaya ya fi ƙarfin kan yaro.

Abin da ke cikin zuciyar yaron

Ku tsaya ku duba yadda duniya ta ke a wurinsa. Bai san ran da ciwo zai tashi ba. Yau yana wasa a dandali, gobe yana birgima a ƙasa. In ya ga hadari ya haɗu, sauran yara suna murna, shi kuwa gabansa faɗuwa ya ke yi. Yana tsoron allura, yana tsoron a bar shi shi kaɗai a asibiti, yana tsoron mutuwa, balle in ya taɓa ganin an ɗauki wansa ko ƙanwarsa da irin ciwon nan.

Yana kuma jin kunya. Ƙanensa ya fi shi tsawo, yara suna kiransa mai idon mage ko ɗan asibiti. Yana ganin fuskar ubansa sa'ad da aka faɗi kuɗin magani, sai ya ɗauka shi nauyi ne a gida. Yara da yawa su kan ɓoye ciwo don kada a kashe kuɗi, sai ya ci ƙarfinsu sa'an nan a sani.

Yaro ba ya iya faɗin waɗannan abubuwa yadda babba zai faɗa. Wani sai ya yi shiru ya janye jikinsa daga mutane. Wani ya zama mai saurin fushi da jifa da kwano. Wani ya manne wa uwarsa, ko wajen rijiya ba ya bari ta je. Kada ku yi saurin cewa rashin kunya ne. Ku ja shi jiki ku tambaye shi abin da ke damunsa, ku yi haƙuri har ya gama magana.

Ku kiyaye bakinku

Magana zarar bunu ce. Yaron da ke kwance ido rufe, kunnensa a buɗe ya ke. Masu zuwa dubiya su kan zauna a kansa suna cewa irin waɗannan ba su kai shekara 20, ko su kawo labarin ɗan wane da ya rasu bara. Wannan ba dubiya ba ce. Maigida da uwargida, ku tare irin wannan magana tun daga ƙofa. Mai dubiya ya yi sannu, ya yi addu'a, ya kawo labari mai daɗi.

Gaskiya ne a da yaran nan ba su cika rayuwa ba. A cikin shekarun 1970 likitoci sun gwada jinin mutanen ƙauyukan ƙasar Garki, wadda ke cikin Jihar Jigawa yanzu, su ka tarar wajen jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar a ke samun ɗaya. Zazzaɓi da sauran cututtuka ne ke kwashe su tun suna ƙanana. Yau kuwa akwai gidan sauro, da allurar rigakafi, da magunguna, da ƙarin jini. A ƙasashen da a ke gano ciwon tun ranar haihuwa a kama kula da yaro, fiye da 90 cikin 100 suna girma su zama manya. A Legas an yi wata dattijuwa mai amosanin jini wadda ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, ba ta rasu ba sai a 2020 tana da shekara 94. Ajali na Allah ne, babu mai ikon yanka wa yaro kwanakinsa.

Kada kuma ku ɓoye masa sunan ciwonsa. Yaron da ba a gaya wa kome ba, shi zai ƙaga wa kansa abin da ya fi gaskiyar ban tsoro. Ku gaya masa daidai hankalinsa. Ɗan shekara 5 ya isa a ce masa: “Ɗana, jininka yana son ruwa da yawa, ba ya son sanyi. In ka ji ciwo ka gaya wa Inna nan da nan.” In ya kai shekara 10 sai a bayyana masa gadon, da amfanin kowane magani. In ya ce, “Baba, mutuwa zan yi?” kada a kwaɓe shi. A ce masa: “Akwai masu irin ciwonka da su ka tsufa. Muna kula da kai, likita ma yana kula da kai, ba kuwa za mu bar ka kai kaɗai ba.”

Sa'ad da ciwo ya tashi

Abu na fari, ku gaskata shi. Zogin amosanin jini ba ya nuna rauni a waje, amma manyan da su ke da shi su kan ce kamar ana sara ƙashi ne. Babu abin da ke karya zuciyar yaro kamar yana cikin azaba a ce ƙarya ya ke yi don gudun gona ko makaranta. Kada a ce wa yaro namiji ba ya kuka. Wanda aka hana shi kuka zai koyi ɓoye ciwo, ɓoye ciwo kuwa shi ke kawo makara wajen zuwa asibiti.

Ku koya masa nuna ƙarfin ciwo da yatsunsa: ɗaya kaɗan ne, biyar ya kai matuƙa. Da haka ku da malamin asibiti za ku san ko magani yana ci. Ku ba shi ruwa da kunu a kai a kai, ku lulluɓe shi, ku gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ku matsa a hankali in yana so. Kada a sa ruwan sanyi. Ku ba shi maganin da likita ya rubuta, a kan lokacinsa.

Wani babba ya zauna kusa da shi, hankali kwance. In uwa tana kururuwa, tsoron yaro ya ninka, ciwon ma ya ƙaru. Kaka ta yi masa tatsuniya, yayansa ya kawo dara, a kunna masa rediyo, a ce ya ja numfashi a hankali ya sake. Waɗannan ba su maye gurbin magani, amma suna ɗauke hankali daga zogi. Mun san al'adar kunyar ɗan fari, amma in ɗan farin ne mai ciwon, to, a sassauta. Yaron da ke cikin azaba yana bukatar hannun uwarsa da muryar ubansa.

Kada a yi masa tsaga, ko ƙaho, ko lalas. Jininsa da ma bai cika ba, raunin kuma ya kan zama gyambo. Ban da haka, yaron da aka danne aka ƙona da ƙarfe ba zai sake yarda ya ce yana jin ciwo ba. Kada kuma a saba masa da allurar kashe zafi ta kemis ba da iznin likita ba, gama akwai waɗanda jiki ke kamuwa da su.

Tausayin da ya yi yawa

Akwai gidajen da ba su wulakanta yaron, sai dai su kashe shi da tausayi. Ba a aikensa, ba a bari ya fita, ba a tsawata masa in ya yi laifi. Irin wannan yaro ya kan tashi yana ganin kansa ba shi da amfani, 'yan'uwansa kuma su tsane shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ran da ya ke lafiya, ku ɗauke shi yaro kamar kowa.

Ku ba shi aikin da zai iya: ba kaji hatsi, ɓarar gyaɗa, tsinkar rama, lissafin awo ran kasuwa. Ku raba shi da noman tsakar rana, da ɗaukar kaya mai nauyi, da kiwo cikin ruwan sama, da wanka a kududdufi. Ya yi wasa da tsararsa, dara, da carafke, da gaɗa, har ƙwallo ma, muddin zai huta in ya gaji, ya sha ruwa. Ku koya masa ya san iyakar jikinsa da kansa, gama ba kullum za ku kasance tare da shi ba. In ya yi laifi a yi masa faɗa, a hana shi wani abin da ya ke so, amma ban da duka, ban da horon yunwa ko tsayuwa cikin rana. In ya yi abin kirki a yaba masa a gaban mutane.

Tun yana ƙarami ku nema masa sana'ar da ba ta bukatar ƙarfi, kamar ɗinki, da saƙa, da dukanci, da tireda, da gyaran waya. Yaron da a ke shirya wa sana'a ya san mutanen gidansu suna sa ran zai girma.

Fitsarin kwance

Yara masu amosanin jini da yawa su kan yi fitsarin kwance har sun girma. Dalili kuwa ciwon yana taɓa ƙoda, ta kasa tsare ruwa, sai fitsari ya yi yawa dare da rana. Ba ƙiwuya ba ce. Kada a dake shi, kada a tara yara su yi masa waƙar amalala, kada a shanya tabarmarsa ana nuni da ita. Kada kuma a hana shi ruwa don wannan, gama ƙishirwa tana tayar da ciwo. A sa shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, a tashe shi sau ɗaya cikin dare, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanensa, a rufa masa asiri. Yawancinsu su kan daina da girma. In abin ya dame shi a gaya wa likita.

Makaranta

Kada ku ce sa shi makaranta asarar kuɗi ce. Wanda ba zai iya riƙe garma yini guda ba, shi ya fi kowa bukatar ilmi. Uba ya je da kansa ya ga hedimasta da malamin aji, ya bayyana musu ciwon, ya roƙi waɗannan abubuwa: a bar yaron ya shiga aji da gorar ruwa, a bar shi ya fita fitsari duk sa'ad da ya nema, a bar shi ya sa rigar sanyi, kada a dake shi don fashin da ciwo ya sa shi, a kuma sa wani abokinsa ya riƙa kai masa darasin da ya wuce shi. Malami ya hana tsokana a aji. In malami ya nuna yana girmama yaro, yara za su bi.

Haka a makarantar allo. Ya zauna bisa tabarma kusa da wuta, ba a ƙasa mai sanyi ba. Kada a tura mai amosanin jini almajirci wani gari, inda zai kwana a sanyi, ya yi yawon bara cikin rana, ba mai lura da shi. Ya yi karatunsa a gaban iyayensa. In kuwa an ba da shi riƙo wajen kaka ko gwaggo, a tabbata sun san ciwon da maganinsa.

Ga wani abu da ya kamata malamai da iyaye su sani. Ƙwayoyin nan su kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama a jiki ba, abin kuwa yana samun kamar yaro ɗaya cikin 3 kafin su girma. Sai a ga yaro mai ƙoƙari ya koma mai mantuwa, karatunsa ya ja baya. Kada a kira shi daƙiƙi, a kai shi likita. Akwai na'urar da a ke ɗora wa yaro a gefen kai, ba zafi, ba allura, ta nuna ko yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ana yin wannan awo sau ɗaya a shekara ga masu shekara 2 zuwa 16. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun nuna maganin nan haidroksiyuriya yana rage wannan haɗari ga yaranmu. Yana kuma rage yawan tashin ciwo. Likita ne kaɗai ke ba da shi, tare da gwajin jini.

Samari da 'yammata

Lokacin balaga ya fi kowane lokaci wuya. Mai amosanin jini ya kan makara wajen girma da shekara 2 ko fiye. Yarinya ta ga ƙawayenta sun zama 'yammata ana zuwa zance wurinsu, ita tana nan kamar ƙwaila. Uwa ko gwaggo ta zaunar da ita ta gaya mata jinkiri ne kawai, nata lokacin yana zuwa. Saurayi kuma uba ko kawu ya yi masa irin wannan magana. A gaya masa tun da wuri, wani lokaci gabansa zai iya miƙewa da zafi ya ƙi kwanciya. Aikin ciwon ne, ba abin kunya ba ne, in ya kai awa 2 a tafi asibiti. Samari da yawa sun cutu don kunya ta hana su faɗi.

A wannan lokaci waɗansu su kan gaji da shan magani su watsar, don su zama kamar kowa. Kada a haɗa su da zagi. A bar musu ragamar abin a hankali: shi zai riƙe katinsa na asibiti, shi zai yi wa likita bayani. Maganar azumi kuma a tambayi likita, a tambayi malamai, gama addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Kada a bar yara su yi masa gori don ya sha ruwa da rana.

Mai amosanin jini yana aure, yana haihuwa. In ya auri mai AA, babu ɗansu da zai zo da SS. Abin da a ke bukata shi ne gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, da faɗin gaskiya tsakanin gidajen biyu. Ku lura, gwajin nan dabam ya ke da na rukunin jini da a ke yi don ƙarin jini. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Mace mai ciwon in ta sami ciki ta fara awo da wuri, ta haihu a asibiti.

Uwa da 'yan'uwa

Uwar da ta kwana uku ba barci ba ta da sauran haƙurin lallashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya karɓe ta jinya, abokiyar zama ta ɗauke mata girki, maƙwabta su ɗebo mata ruwa. A riƙa ajiye ɗan abu bayan kaka saboda ranar asibiti, don kada a yi cacar baki a kan kuɗi a gaban yaro.

Sauran 'ya'ya su ma suna da hakki. Su kan ji haushi in sun ga kullum shi a ke saya wa abu, su kan kuma ji tsoro ko su ma za su kamu. A bayyana musu, a gwada jininsu, a ba su nasu lokaci. Kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama mai jinya.

Manyan asibitoci da yawa suna da ranar ganin masu sikila. Ku riƙa zuwa ko yaro yana lafiya. A can zai ga ashe ba shi kaɗai ba ne, ya ga manya masu irin ciwonsa suna harkokinsu, uwa kuma ta sami waɗanda za su gane damuwarta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara don tunawa da masu ciwon nan. Dagatai da limamai da masu unguwa su yi amfani da ita su faɗakar da jama'a.

Alamun da ba a jira da su

Ku kai yaro asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi sama sama, tafin hannu da leɓe sun yi fari fat, jiki ya saki, ciki ya kumbura farat ɗaya ta gefen hagu, wajen saifa, baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe, ciwon da ya ƙi jin maganin gida.

Zuciya ma tana da nata alamun. In yaro ya yi mako 2 ko fiye ba ya walwala, ya bar wasa da abokansa, ba ya cin abinci, ba ya barci ko barcin ya yi yawa, yana kuka ba dalili, to, ku gaya wa likita kamar yadda za ku gaya masa zazzaɓi. Ciwon damuwa ne, yana kuwa da magani, ba hauka ba ne. In kun ji ya ce gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka wasa ne, kada kuma ku zage shi. Ku zauna da shi, ku kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, ku kai shi asibiti ran nan.

Abubuwan tunawa

1. Ciwon gado ne daga uwa da uba. Kada a zargi kowa.
2. In yaro ya ce yana jin ciwo, ku gaskata shi.
3. Kada a yi maganar mutuwa a kansa, kada a sa masa sunan tsokana.
4. Ku gaya masa gaskiyar ciwonsa daidai hankalinsa.
5. Ya sha ruwa da yawa, ya kwana cikin gidan sauro, ya sami rigar sanyi, ya cika allurar rigakafi, ya sha magungunan da likita ya rubuta.
6. Ku sa shi makaranta, ku koya masa sana'a, ku bar shi ya yi wasa.
7. Ku taimaki uwarsa, kada ku manta da 'yan'uwansa.
8. Ku gwada jini kafin a sa ranar aure.

Ɗa na kowa ne. Wanda ya ga ana tsokanar yaron maƙwabcinsa a dandali ya tsawata, wanda ya ga uwarsa ta gaji ya kama mata. In kuna da tambaya, ku tafi asibiti mafi kusa da ku, ku nemi malamin asibiti ko ungozoma su ƙara muku bayani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, amin.